KUƊIN GORO: SHIN YA HALATTA A HUKUNTA JAMA'A DA LAIFIN MUTUM ƊAYA?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halitta 'yan Adam daga tushe guda, sa'an nan ya rarraba harsunansu da launukansu saboda hikimar da shi ya sani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, Bahaushe yana cewa an yi wa mutane kuɗin goro idan aka tattara su gaba ɗaya aka yanke musu hukunci guda, ba a ware mai laifi daga marar laifi ba. Wannan ɗabi'a ta zama ruwan dare a majalisunmu da kasuwanninmu, har da ƙofar masallatanmu. Manomi ya ce Fulani ba su da aiki sai ɓarna. Makiyayi ya ce manoma ba su da aiki sai cinye burtali. Mutumin wannan gefen iyaka ya ce 'yan Najeriya ba su riƙon amana, na wancan gefen ya ce 'yan Nijar ba su waye ba. Ɗan wannan ƙungiya ya ce 'yan waccan duka ba su son Annabi, ɗan waccan ya ce 'yan wannan duka sun faɗa shirka. Mai irin wannan magana ba ya jin ya yi zunubi, domin a ganinsa bai ambaci sunan kowa ba. Alhali wanda ya yi gibar mutum ɗaya yana iya zuwa ya nemi yafewarsa, amma wanda ya yi wa ƙabila sukutum ƙazafi, ƙofar gida nawa zai yi wa sallama? Ibn Majah ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya lissafa mawaƙin da yake zambar ƙabila gaba ɗayanta cikin mafi girman maƙaryata.

To, ga tambayar da ya kamata mu tsaya a kanta. Hankalin ɗan Adam ba ya aiki sai da rarraba abubuwa jinsi jinsi. Wanda maciji ya taɓa sara yana gudun kowane maciji, kuma ba mai ganin laifinsa. Shin me ya sa abin da ya zama hikima game da maciji zai zama zalunci game da mutum? Kuma ina iyakar da ke tsakanin taka-tsantsan da mummunan zato?

Yadda hankali yake rarraba mutane

Masana halayyar ɗan Adam a ƙasashen Turai da Amurka sun shafe kimanin shekara ɗari suna bincike a kan wannan mas'ala, kuma hikima kayan mumini ce, ba laifi mu amfana da abin da suka gano. A shekarar 1922 wani ɗan jarida na Amurka, Walter Lippmann, ya yi bayanin cewa duniya ta fi ƙarfin idon mutum ɗaya, saboda haka kowa yana ɗauke da hotunan al'ummomi a cikin kansa, kuma yawancin hotunan nan gadonsu ya yi kafin ya ga mutanen da idonsa. A 1933 Daniel Katz da Kenneth Braly suka jarraba wannan magana a jami'ar Princeton. Suka ba ɗalibai 100 jerin siffofi, suka ce su zaɓi waɗanda suka dace da al'ummomi goma. Ɗaliban suka siffanta Turkawa da mugunta, alhali mafi yawansu ba su taɓa zama da Baturke ba. Wato hukuncin ya riga shaida zuwa.

Sa'an nan akwai Henri Tajfel, Bayahude ɗan asalin ƙasar Polan, wanda aka kashe danginsa a yaƙin duniya na biyu saboda sunan jinsinsu kawai, ya kuma ƙare rayuwarsa yana neman sanin yadda hakan take faruwa. A 1963 shi da abokin aikinsa suka nuna wa mutane layuka takwas masu tsawo daban daban. Da aka sa wa gajeru huɗu harafi ɗaya, dogaye huɗu kuma wani harafi, sai masu kallo suka riƙa ganin tazarar da ke tsakanin rukunin biyu ta fi yadda take a haƙiƙa. Layi ne, ba shi da addini ba shi da ƙabila, amma sa suna kaɗai ya karkatar da ido.

A wani binciken da aka buga a 1971, Tajfel ya tara 'yan makaranta masu shekara 14 zuwa 15 a birnin Bristol na Ingila, ya raba su gida biyu a kan dalili marar tushe, wai waɗannan sun fi son zanen wani mai zane, waɗancan kuma na wani. Ba wanda ya san su wane ne 'yan rukuninsa, ba gaba tsakaninsu, ba gona ba rijiya. Da aka ce kowane yaro ya raba lada tsakanin wasu yara biyu, sai suka riƙa fifita ɗan rukuninsu. Abin da ya fi ban tsoro, da yawa sun karkata ga rabon da zai sa nasu ya fi na wancan, ko da hakan zai rage abin da nasu ɗin zai samu. Ya gwammace ɗan gidansa ya sami kaɗan, muddin ɗan wancan gidan ya sami ƙasa da haka. Malam Ibn Khaldun ya yi dogon bayani a kan asabiyya a Muƙaddimarsa tun ƙarni na 14, ya kuma lissafa karkata ga ra'ayi ko ƙungiya cikin abubuwan da suke sa mutum ya karɓi labarin ƙarya ba tare da bincike ba. Abin da binciken Bristol ya ƙara mana shi ne cewa asabiyya ba ta ma bukatar jini ɗaya. Suna kaɗai ya ishe ta.

Abu na uku ya fi kusa da rayuwarmu. A 1976 David Hamilton da Robert Gifford suka karanta wa mutane jimloli 39 game da ayyukan 'yan rukuni biyu. Rukuni na farko yana da jimla 26, 18 na alheri, 8 na sharri. Na biyu yana da 13, 9 na alheri, 4 na sharri. Duk wanda ya iya lissafi zai ga cewa gwargwadon sharri ɗaya ne a rukunin biyu. Amma da aka tambayi mutanen daga baya, sai suka ɗora wa ƙaramin rukunin sharri fiye da rabonsa, suka kuma fi ƙinsa. Dalili shi ne, abin da ba a saba gani ba ya fi zama a zuciya, kuma idan baƙon mutum ya haɗu da baƙon aiki, zuciya tana ɗaure su da igiya ɗaya.

Na huɗu, a 1974 aka yi bincike a kudancin Indiya, aka ga cewa idan ɗan Hindu ya yi alheri, 'yan'uwansa suna cewa halinsa ne, idan ya yi sharri su ce tilas ce ta sa shi. Amma idan Musulmi ne ya yi alherin sai su ce dalili ne ya kawo, sharrinsa kuwa halinsa ne. Kada mu yi saurin cewa ga halin kafirai nan, domin a 1985 an maimaita irin binciken a ƙasar Maleshiya, aka sami Musulmin can suna yi wa 'yan asalin Sin irin wannan awo. Ciwon na 'yan Adam ne baki ɗaya. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, ka taka naka ka hango na wani.

Gona da garke

Yanzu mu dawo gida. A ƙasar Magarya da Dungas jama'a ta yi yawa ƙwarai, gonaki sun matsu, a wurare da dama sun shiga burtali da bakin mashaya. Idan kaka ta yi, garkuna suna gangarowa daga arewa, wani lokaci kafin hukuma ta sanar da ranar sakin gonaki, wake da gyaɗa ba su gama shiga rumbu ba. Ɓarna tana faruwa, wannan gaskiya ce, kuma manomin da aka cinye wa guminsa na shekara an zalunce shi. Amma mu yi lissafin Hamilton da Gifford. Garke nawa ne suke ratsa ƙasar Dantchiao a shekara ba su taɓa zangarniya ɗaya ba? Ba mai ba da labarinsu a majalisa. Garke ɗaya da ya faɗa gona da dare, shi za a yi shekara goma ana faɗi. Idan akuyar maƙwabci ce ta ci dawa, sai a ce akuyar wane ta yi ɓarna, a kira sunansa. Idan saniyar baƙo ce, sai a ce Fulani sun yi ɓarna. Ga kuma abin da kowa ya sani ba a cika faɗa ba: shanu da yawa da ke hannun makiyaya na manoma ne da 'yan kasuwa da ma'aikatan gari, amana aka ba su kiwo. Haka nan a ruga, manomi ɗaya da ya nome burtali ko ya sari dabba, shi yake zama Hausawa duka.

Ƙarshen wannan hanya mun gan shi a ƙasarmu. A watan Oktoba na 1991, lokacin da taron ƙasa yake gab da rufewa a Yamai, rikicin gona ya tashi a Toda cikin jihar Maraɗi, aka auka wa Fulani, aka kashe fiye da mutum ɗari, akasarinsu mata da yara. Jaririn da ke goye ba ya kora shanu cikin gona. Abin da ya kashe shi sunan da aka kira shi da shi, kuma an daɗe ana wasa wannan suna a bakin mutane kafin a wasa adda. Waɗanda suka yi aikin Musulmi ne, waɗanda aka yi wa Musulmi ne, alƙibla ɗaya suke kallo.

Shari'a ba ta bar ɓarnar dabba ba hukunci. A Suratul Anbiya, aya ta 78 da 79, Allah ya ba mu labarin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu suna hukunci a kan shukar da tumakin wasu mutane suka ci da dare. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa taguwar Barra'u ɗan Azib ta shiga gonar wani, sai Annabi (S.A.W.) ya hukunta cewa tsaron gona da rana yana kan mai gona, abin da dabba ta ɓata da dare kuwa mai ita zai biya. A duka biyun an nemi mai dabbar, an auna ɓarnar, an biya. Ba a ƙone ruga ba, ba a kama ɗan'uwan mai dabba ba. A Suratu Yusuf, aya ta 78 da 79, 'yan'uwan Annabi Yusufu sun roƙe shi ya kama ɗayansu a madadin ƙanensu, shi kuwa ya nemi tsarin Allah daga kama wanda ba a wurinsa aka sami kayan ba, ya ce yin haka zalunci ne. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wani Annabi daga cikin Annabawa wanda tururuwa ta cije shi ya sa aka ƙone gidan tururuwar, sai Allah ya yi masa wahayi yana zarginsa a kan halaka al'umma mai tasbihi saboda cizon guda ɗaya. Idan Allah bai yarda a yi wa tururuwa kuɗin goro ba, ina ga ɗan Adam mai kalmar shahada?

Muna cewa wake ɗaya shi ke ɓata gari. Karin maganar gargaɗi ce ga mai laifi, cewa zai jawo wa danginsa kunya. Ba ta zama hujja ga alƙali ba. Ƙa'idar da Alƙur'ani ya maimaita a Suratul An'am aya ta 164, da Suratu Faɗir aya ta 18, da wasu wuraren, ita ce babu ran da zai ɗauki nauyin laifin wani rai.

Iyaka, sana'a da addini

Layin da ya raba mu da Babura da Maigatari, Turawan Faransa da na Ingila ne suka shata shi, suka kafa alamominsa tsakanin 1906 da 1908. Ya ratsa tsakiyar dangi ɗaya, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya. Kusan kowane gida a nan yana da 'ya ko gwaggo da ke aure a can. Duk da haka layin ya yi mana abin da harafi ya yi wa layukan Tajfel, ya sa muna ganin tazara inda babu. Bayan rikicin Maitatsine na Kano a Disamba 1980 an yawaita ɗora laifin a kan baƙi, kuma a Janairu 1983 gwamnatin Najeriya ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fita. Cikin waɗanda suka dawo har da 'yan'uwanmu 'yan cirani da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Mun ɗanɗana ɗacin a hukunta mu da sunan ƙasarmu. Bai kamata mu ne za mu juya mu ce duk mutumin Najeriya macuci ne don wani ya cuce mu a ciniki ba.

Akwai kuma kuɗin goron da muke yi wa gidajen sana'a da zuriya. Saurayi mai salla da sana'ar halal ya zo neman aure, a ce ɗan mahauta ne, ko ɗan wanzamai, ko jikan bayi, ko kakansa kuturu ne, a rufe ƙofa. Ana kafa hujja da cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To, ɗan Annabi Nuhu ya halaka a ruwa yana kafiri, Annabi Ibrahimu kuma ya fito daga gidan mai sassaƙa gumaka. Annabi Dawuda da hannunsa yake ƙera sulke. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya umarci Banu Bayada su ba Abu Hind aure, su kuma nemi aure a gidansa, alhali shi mai yin ƙaho ne, wato wanzami. Mazhabarmu ta Malikiyya tana duba kafa'a ta fuskar addini da kuɓuta daga aibin da ke ba da zaɓi a aure, ba ta sa sana'a ko ƙabila cikin sharaɗi ba. Aibin ma na jikin mai shi ne, ba ya bin jikoki. Kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wani likita ɗan Norwe mai suna Hansen ya gano ta a 1873; ba a gadonta, ana warkewa da magani cikin wata shida zuwa shekara, kuma tun 1995 kyauta ake ba da maganin. Amma ku dubi unguwar Kara-Kara a Damagaram, inda aka zaunar da masu wannan cuta tun da can. Jikokinsu lafiyayyu sun tashi sun tarar sunan unguwar yana gabansu duk inda suka je neman aiki ko aure. Wasu samarin suka shiga ƙungiyoyin tada zaune tsaye, sai mutanen gari suka ce ai dama mun faɗa. Yaron da aka rufe wa kowace ƙofa aka bar masa ta ɓarna, idan ya bi ta, rabin alhakin yana kan masu rufewa.

A ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, bayan wata mujallar Faransa ta sake buga zanen ɓatanci ga Annabi (S.A.W.), zanga-zanga ta tashi a Damagaram, washegari a Yamai. Aka ƙone majami'u, mutum goma suka rasa rayukansu a garuruwan biyu. Fushi don mutuncin Annabi alamar imani ce. Amma Kiristan Damagaram, wanda a nan aka haife shi, a nan yake cin kasuwa da mu, ba shi ya yi zanen ba, ba a kuma shawarce shi ba. Allah ya gargaɗe mu a Suratul Ma'ida aya ta 8 kada ƙin wasu mutane ya kai mu ga barin adalci. A Ali Imrana aya ta 75 ya ce cikin Ma'abota Littafi akwai wanda idan ka ba shi amanar dukiya mai yawa zai mayar maka, akwai kuma wanda ko dinari ɗaya ba zai mayar ba. A aya ta 113 ya sanar cewa ba ɗaya suke ba. Mai karatun Alƙur'ani ya lura da yadda kalmomin wasu daga cikinsu, da yawa daga cikinsu, mafi yawansu, suke maimaituwa. Wanda ya halicci mutane ya san su ɗaya bayan ɗaya, amma yana toge waɗanda ba su cikin hukunci. Mu da ba mu san ko mutanen unguwarmu duka ba, mu ne muke cewa duka.

Mu 'yan ƙungiyoyin addini ma sai mu binciki kanmu. A yaƙin Banul Musɗaliƙ wani Muhajiri ya bugi wani Ba'ansare, kowannensu ya yi kiran mutanensa da sunansu. Annabi (S.A.W.) ya kira wannan kiran Jahiliyya, ya ce a bar shi domin abu ne mai ɗoyi. Muhajirai da Ansaru sunaye ne da Allah ya yaba a littafinsa. Idan sunayen da Allah ya yaba suna iya zama kiran Jahiliyya, to, sunan Izala ko Tijjaniyya ko Ƙadiriyya bai fi ƙarfin haka ba.

Shubuha da amsarta

Wani zai ce: Malam, ai ba a banza ake faɗa ba. Kowace al'umma tana da al'adar da ta yi fice da ita, kuma wanda bai yi hattara ba shi ke kwana ciki. Wannan magana tana da rabon gaskiya. Al'ummomi sun bambanta a al'ada da sana'a, shi ya sa Allah ya ce a Suratul Hujurat aya ta 13 ya sanya mu dangogi da ƙabilu domin mu san juna. Ba a ce mu share sunayen ba. Amma ɗalibin da ya karanta manɗiƙi a littafin Sullam na Shehu Ahdari ya san bambancin kullu da kulliyya. Idan aka ce mutanen gari kaza sun gina masallaci, hukunci ne a kan jimlarsu, ba ya nufin kowane ɗaya ya ɗauki tubali. Idan aka ce duk ɗan Adam mai mutuwa ne, hukunci ne da ya hau kan kowane mutum. Mai kuɗin goro yana ɗaukar magana irin ta farko ya yi aiki da ita kamar irin ta biyu. Kuma malaman usulu sun ce bibiyar wasu misalai ba tare da ƙure su ba zato take bayarwa, ba yaƙini ba. Wanda ya yi hulɗa da mutum biyar daga al'umma mai miliyoyi, me ya ƙure?

Bambancin mutum da maciji shi ne, maciji ba shi da zaɓi, dafinsa halittarsa ce. Mutum kuwa mukallafi ne, yana zaɓa, yana tuba, shi kaɗai zai tsaya gaban Ubangijinsa. Wanda ya hukunta shi da jinsinsa ya mayar da shi dabba. Taka-tsantsan halal ne: ka rubuta bashi, ka kafa shaidu, ka tsare gonarka, ka binciki mai neman 'yarka. Sharaɗin shi ne ka yi haka ga kowa, na gida da baƙo, kuma kada ya kai ka ga zargi, ko hana haƙƙi, ko ɗaga hannu. Asalin kowane mutum kuɓuta ne har sai hujja ta tabbata a kansa shi kansa. Abu Zarri (R.A.), duk da girmansa, da ya aibata wani mutum da mahaifiyarsa, Annabi (S.A.W.) ya ce masa akwai sauran Jahiliyya a tare da shi.

Magani

Masu binciken nan sun nemi magani kuma. A 1954 Muzafer Sherif, ɗan asalin Turkiyya, ya kai yara 22 wani sansani a Amurka, ya raba su biyu, ya sa su gasa har suka ƙi juna. Da aka haɗa su cin abinci wuri ɗaya, jifan juna suka yi da abincin. Gabar ba ta kwanta ba sai da ruwan sansanin ya yanke suka gyara tare, motar abinci ta ƙi tashi suka ja ta da igiya ɗaya. A shekarar nan Gordon Allport ya rubuta cewa cuɗanya tana rage ƙiyayya idan an haɗu a matsayi ɗaya, da manufa ɗaya, da taimakon juna, kuma shugabanni suna goyon baya. A Kaduna ma an jarraba: aka koya wa samari Musulmi da Kirista aikin kwamfuta na mako 16, wasu a aji gauraye, wasu kowa da nasa. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna ra'ayinsu game da juna bai canja ba, amma waɗanda suka yi karatu a gauraye sun fi 'yan aji ɗaya adalci wajen rabo da ɗan wancan addinin. Zuciya tana da nauyin juyawa, hannu kuwa yana iya gyaruwa kafin ita, kuma shari'a da hannu da harshe take fara kama mu.

Annabi (S.A.W.) ya riga su. Da ya isa Madina ya ƙulla 'yan'uwantaka mutum da mutum, kamar Abdurrahman ɗan Aufu da Sa'adu ɗan Rabi'u, suka gina masallaci tare, a shekara ta 5 bayan hijira suka haƙa ganuwa tare. Kakanninmu ma sun bar mana nasu: makiyayi ya sauka a gona da rani ya bar taki ya karɓi hatsi, mai fura da mai nono su haɗa ƙwarya. Sun bar mana wasan taubasai, irin na Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Zabarmawa, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin gadon 'yan Adam da sunan Nijar a 2014. A wasan nan ana faɗin abin da ake faɗi a yi dariya, amma taubashi ba ya zubar da jinin taubashinsa, kuma ba a kai maganar wasa gaban alƙali. Muddin bai kai ga cin mutunci da laƙabin banza da aya ta 11 ta Hujurat ta hana ba, gado ne abin riƙewa.

Saboda haka ina yi wa kaina da ku wasiyya da abubuwa biyar:

1. Mu koya wa harshenmu kalmar wasu. Harafi huɗu ne, amma tana fitar da dubban bayin Allah daga ƙazafinmu.

2. Idan labari ya zo, a baki ko a WhatsApp, mu tambaya: wane ne, a ina, yaushe, wa ya gani? Aya ta 6 ta Hujurat ta umarce mu da bincike domin kada mu cuci mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama.

3. Ɓarnar gona a kai ta gaban mai gari da hakimi da kwamitocin ƙasa da dokar karkara ta 1993 ta tanada, a auna, mai dabba ya biya. Burtali kuma a bar shi burtali, domin dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin tafiya da dabbobinsa. Kwamitin da ba makiyayi a cikinsa, ko ba manomi, rabin kwamiti ne.

4. Limamai da masu wa'azi su daina kiran sunan ƙabila ko ƙungiya a kan mumbari wajen zargi. A soki aikin, a bayyana hukuncinsa, a bar jama'a. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa fifita wata ƙabila a kan wata cikin abubuwan da suke rusa mulki.

5. Mu kula da abin da muke faɗi a gaban yara, domin a bakin iyaye suke gadon hotunan nan kafin su ga mutanen. Gyaran rijiya, yashe tabki, shata burtali da jana'iza, a yi su tare, a kira na ruga da na gari, yaran suna gani.

Muna roƙon Allah ya tsarkake zukatanmu daga mummunan zato, ya tsare harsunanmu daga mutuncin bayinsa, ya jiƙan waɗanda aka kashe ba da haƙƙi ba, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka ga mai gona da mai garke. Abin da ya zama daidai daga Allah ne, shi ne mafi sani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.